Rawa Uku a Dare Ɗaya: Bayani a kan Shirin Haɗe na Ƙungiyar Bale ta Birmingham

Kalmar nan bale, wadda Turawa su ke kiran wata irin rawa tasu da ita, asalinta daga harshen Italiya ne, daga wani fi'ili mai ma'anar yin rawa. Faransawa suka are ta suka gajarta ta, sa'an nan Ingilishi ya karɓa daga bakinsu. Abin da a ke nufi da ita yau shi ne rawar da a ke yi bisa dandamali gaban 'yan kallo, wadda masu yinta ba sa magana ba sa waƙa, kowane taku nata kuwa yana da suna da ƙa'ida. A kan shekara 8 ko fiye ana koyonta kafin a yarda mutum ya iya.

Ƙungiyoyin da su ke wannan sana'a suna da hanya biyu ta cika dare. Ta farko ita ce su ɗauki labari ɗaya dogo su yi shi daga farko har ƙarshe, kamar Swan Lake, labarin yarinyar da wani matsafi ya mayar da ita tsuntsuwar ruwa. Ta biyu ita ce su jera gajerun raye-raye, galibi uku, waɗanda babu abin da ya haɗa labarinsu, mai tsara wannan dabam, mai tsara wancan dabam, wata tsohuwar yayi wata sabuwa. Wannan hanya ta biyu ita ce shirin haɗe, ita ce kuwa wannan takarda za ta bayyana, da misalin wani shiri da ƙungiyar Birmingham Royal Ballet ta ƙasar Ingila ta yi a watan Fabrairu na 2015.

Nahawun Tsohon Salo

Ba za a gane abin da a ke haɗawa ba sai an san kowanne shi kaɗai. Tsohon salo a fadar Faransa ya girma. Sarki Louis na 14 da kansa ɗan rawa ne, har a 1653, yana da shekara 14, ya fito a matsayin Rana cikin wani wasa na fada. A 1661 ya kafa makarantar rawa a Faris, malaminsa kuma, Pierre Beauchamp, shi a ke jingina wa tsara tsayuwa biyar na ƙafa waɗanda har yanzu da su kowane ɗalibi ya ke farawa. Dukansu biyar bisa abu ɗaya su ke, watau a juya ƙafafu waje tun daga kwatangwalo, yadda in an haɗa diddige, yatsun dama za su dubi dama, na hagun su dubi hagun. Wannan ba tsayuwar da aka halicci mutum da ita ba ce. Da horo a ke samunta, tun ƙashi yana ɗanye.

Saboda wannan asali, sunayen taku duka da Faransanci su ke, ko a Mosko ko a Tokiyo ko a Habana. Bahaushen Maraɗi ko na Damagaram wanda ya yi makarantar Faransanci, in ya leƙa ajin bale a ko'ina cikin duniya, zai ji rabin abin da malami ya ke faɗi. Filiye shi ne lanƙwasasshe, watau a lanƙwasa gwiwa. Jete shi ne jefaffe, tsallen da a ke jefa ƙafa ɗaya gaba a sauka a kanta. Gilisad sulɓi ne, fuwete kuwa daga kalmar bulala ya fito, domin ƙafar da ke sama tana tsula iska kamar bulala ta juya mai rawa. Masu nazarin harshe za su lura da cewa da yawan sunayen nan sifofi ne waɗanda aka yar da sunan da su ke sifantawa, watau taku. Jefaffen taku ne ya koma jefaffe kawai, kamar yadda mai sayar da ƙwai ya kan tambayi mai saye, dafaffe ko soyayye, ba tare da ya ambaci ƙwan ba.

Tsayuwa bisa kan yatsu daga baya ta zo. Marie Taglioni ce ta shahara da ita a Faris a 1832, tun daga nan kuwa ta zama alamar matan bale. Takalmin da a ke yinta da shi ba katako a bakinsa, kamar yadda waɗansu su ke zato. Yadi ne da takarda da gam a ke jerawa rubi-rubi har su sandare, babbar 'yar rawa kuwa ta kan kashe guda cikin dare ɗaya. A birnin St Petersburg na Rasha salon ya kai matuƙa, a hannun Marius Petipa, wanda ya tsara Sleeping Beauty a 1890, ya kuma sabunta Swan Lake a 1895 tare da Lev Ivanov. A cikin wannan ne 'yar rawa ta ke juyin fuwete sau 32 a jere bisa ƙafa ɗaya. Manufar salon dai ɗaya ce: a ɓoye nauyin jiki da wahalarsa, gadon baya a miƙe, ƙirji a sama, mai kallo ya ga kamar ƙasa ba ta da iko da mai rawa.

Sabon salo da bijirewa ya fara. Isadora Duncan, Ba'amurkiya, ta tuɓe takalmi ta yi rawa da ƙafa tsirara tun farkon ƙarni na 20. Martha Graham, wadda ta kafa ƙungiyarta a 1926, ta gina dukan koyarwarta bisa numfashi: ciki ya tsuke kamar wanda aka nausa, baya ya lanƙwashe, sa'an nan a saki. Masu wannan salo ba sa gudun ƙasa. Su kan faɗi, su mirgina, su yi rawa a zaune ko a durƙushe, ƙafafu kuwa su dubi gaba yadda kowa ya ke tafiya. Nauyin da tsohon salo ya ke ɓoyewa shi ne abin da sabon ya ke nunawa. Shekaru da yawa ɓangarorin nan biyu ba sa ga maciji da juna.

Ƙungiyar da Garinta

Al'adar jera gajerun raye-raye a dare ɗaya Sergei Diaghilev ne ya kafa ta sosai, sa'ad da ya kawo 'yan rawan Rasha Faris a 1909. Cikin waɗanda suka yi aiki ƙarƙashinsa akwai wata 'yar Ayalan, Ninette de Valois, wadda ta koma Landan ta kafa ƙungiya a 1931. A 1946 wannan ƙungiya ta tashi zuwa babban gidan wasa na Covent Garden, sai de Valois ta kafa ƙarama a tsohon gidan, Sadler's Wells, don horar da matasa da zaga garuruwa. Ƙaramar nan ita ce a 1990 ta kwashe kayanta ta koma Birmingham ƙarƙashin Peter Wright, ta ɗauki sunan garin, ta zauna a gidan wasa na Hippodrome. David Bintley ya gaje shi a 1995, ya riƙe ta har 2019. 'Yan rawanta wajen 60 ne, tana kuma da makaɗanta na kanta.

Birmingham gari ne na maƙera da masana'antu, mil 100 da 'yan kai daga Landan. A ƙidayar 2021 mutanensa sun haura miliyan 1, fiye da rabinsu kuwa ba fararen fata ba ne. Ƙungiyar da ta zauna a irin wannan gari nauyinta dabam ne da na ƙungiyar babban birni. A Landan mai son tsohon salo yana da gidansa, mai son sabo yana da nasa. A lardi kuwa, babbar ƙungiya ɗaya ita ce taskar tsofaffin ayyuka, ita ce kuma ɗakin gwaji, abin da ba ta kawo ba mutanen wurin ba safai za su gan shi ba.

Shirin Fabrairu 2015

Shirin da a ke magana a kansa an sa masa suna Moving Stateside, domin dukan raye-rayen uku daga hannun masu tsara rawa na Amurka suka fito.

Na farko shi ne Serenade na George Balanchine. An haife shi a St Petersburg a 1904, ya yi karatu a makarantar da ta gaji Petipa, ya yi aiki da Diaghilev, sa'an nan ya ƙaura Amurka a 1933. Serenade ita ce rawa ta farko da ya tsara a can, a 1934, ɗalibai kuwa ya tsara wa, ba gwanaye ba. Labarin tsarinta sananne ne. Ran farko 'yan mata 17 suka zo aji, sai ya jera 17 ɗin cikin sahu masu ratsa juna. Wata rana wata ta makara, wata kuma ta faɗi, duka ya sa cikin rawar, har yau kuwa duk inda aka yi Serenade akwai mai makara da mai faɗuwa. In an ɗaga labule, sai a ga matan tsaye cikin dogayen tufafi shuɗi-shuɗi, kowace ta ɗaga hannun dama kamar mai kare hasken wata, ƙafafunsu a haɗe suna duban gaba irin na kowa. Can sai su buɗe ƙafafun waje gaba ɗaya, su shiga tsayuwa ta farko ta Beauchamp. Cikin ƙiftawar ido mai kallo ya ga mutum ya zama ɗan bale, watau an karanta masa harafin farko na abajadin wannan harshe kafin a fara yi masa magana da shi.

Kiɗan na Tchaikovsky ne, na goge zalla, wanda ya rubuta a 1880. Balanchine ya musanya kashi biyu na ƙarshe don rawar ta ƙare da na baƙin ciki, inda maza uku su ke ɗaga mace ɗaya tsaye, su tafi da ita wajen haske tana lanƙwasa baya. Ya kamata a faɗa cewa Serenade ba ta ƙarni na 19 ba ce, masana ma sabon tsohon salo su ke kiranta. Kalmominta na Petipa ne, amma babu sarki babu fada babu labarin da za a iya ba wani, gudu kuma ya fi na dā. Duk da haka, a daren nan ita ce ta tsaya wa tsohon salo, ta kuwa isa.

Na biyu shi ne Lyric Pieces na Jessica Lang, wanda ƙungiyar da kanta ta sa aka tsara mata a 2012. Bayan taron mata cike da dandamali, sai ga mutum 8 kawai da makaɗin fiyano ɗaya, yana kaɗa waɗansu gajerun kaɗe-kaɗe na Edvard Grieg, mutumin Norwe. Kayan dandamalin baƙar takarda ce mai kauri da aka naɗe kamar mafici, tana buɗuwa tana rufuwa, 'yan rawan da kansu su ke jan ta, ta zama bango, ta zama kujera, ta zama rumfa. Ƙaramin aiki ne mai ladabi, ba shi kuwa da nauyin na gabansa ko na bayansa. Amma matsayin tsakiya dā ma na irinsa ne. A nan a ke ajiye sabon abu, bayan mai kallo ya sami abin da ya sani, kafin kuma ya sami abin da zai tafi da shi gida yana zance. Mai hikima ba ya sa baƙon abu a ƙarshe, don kada mutane su sulale lokacin hutu.

Na uku shi ne In the Upper Room na Twyla Tharp, na 1986, da kiɗan Philip Glass wanda ba makaɗa su ke yi a wurin ba, ɗaukakke ne a ke sakawa. Tharp a gidan sabon salo ta tashi, ita ce kuma a 1973 ta fara gwama salon biyu a fili cikin wata rawa da ta tsara wa ƙungiyar Joffrey. Lang ma a ƙungiyarta ta yi rawa kafin ta fara tsara nata. A wannan aiki mutum 13 ne, kashi 9, wajen minti 40 ba tsayawa. Dandamali cike ya ke da hayaki, 'yan rawa suna ɓullowa daga cikinsa suna komawa kamar ba ƙofa. An raba su biyu: waɗansu da takalmin kambas, suna dambe da iska, suna sassarfa da baya, suna karkaɗa kafaɗa, waɗansu kuwa mata da jan takalmin tsayuwa kan yatsu, suna ratsa dandamali kamar kibiya. Da tufafi masu zanen fari da baƙi a ke farawa, ana rage su kaɗan kaɗan har ja ya rinjaya. A kashi na ƙarshe duka su haɗu, gumi yana zuba, ba wanda ya ke ɓoye gajiyarsa. Abin da daren ya rarraba cikin raye-raye dabam dabam, Tharp ta zuba shi a tukunya ɗaya.

Mai karatu zai lura ba bisa shekaru aka jera su ba, domin 1934 ce, sai 2012, sai 1986. Bisa ƙarfin kunne da ido aka jera: goge mai taushi, fiyano shi kaɗai, sa'an nan amon da ke cika ɗaki.

Abin da Jiki ke Biya

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma faɗar ta fi yin sauƙi. Mai yiwuwa ne mace ɗaya ta yi Serenade da farkon dare, ta yi ta Tharp da ƙarshensa, tsakani kuwa hutu ne na 'yan mintoci. A ta farko nauyinta yana sama, bisa yatsu, kwatangwalo a buɗe. A ta ƙarshe, in tana cikin masu kambas, nauyin ya sauko ƙugu, diddige a ƙasa, ƙafa tana duban gaba. Naman cinya da agara da idon sawu waɗanda aka shekara goma ana koya musu abu ɗaya, an ce su yi kishiyarsa kafin gumi ya bushe. Masu kula da lafiyar 'yan rawa sun san irin wannan sauyi yana cikin abubuwan da ke jawo rauni, ƙungiyar Birmingham kuwa tana da cibiya tata ta musamman, mai suna Jerwood, don rigakafi da jiyyar raunin 'yan rawa.

Akwai masu cewa taura biyu ba ta taunuwa. A ganinsu, ɗan bale in ya shiga sabon salo ya kan yi shi da tsabta fiye da kima, ya faɗi ƙasa kamar mai tsoron ɓata riga, in kuma ya daɗe a can sai tsayuwarsa ta bale ta fara sakwarkwacewa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Basakkwace ya kan iya Kananci sarai, amma kalma biyu uku sai harshensa ya tona shi, haka jiki ma yana da karin harshe. Sai dai kari ba kuskure ba ne. Tharp da kanta ta ba ƙungiyoyin bale da yawa izinin yin wannan rawa, ta san kuwa da wane baki za su faɗe ta.

Wata wahalar ita ce ta riƙon amana. Balanchine ya rasu a 1983, a 1987 aka kafa hukumar amintattu mai kula da ayyukansa. Ƙungiyar da ta ke son Serenade sai ta nemi izini, ta biya, a aiko mata da wanda ya san rawar ya koyar, ya kuma tabbatar ba a sauya ta ba. Rawa ba kamar waƙa ba ce da za a ajiye a takarda kowa ya karanta, ko da ya ke an yi ƙoƙarin rubuta ta. Rudolf Benesh da matarsa Joan sun fito da wata hanya a 1955, wadda ƙungiyoyin Ingila su ke aiki da ita: layi biyar, na sama kai, sai kafaɗa, sai ƙugu, sai gwiwa, na ƙasa kuwa daɓe, ana sa alamar inda hannu da ƙafa su ke kamar ana duban mai rawa ta baya. Rubutun yana kama taku daidai. Lafazi kuwa, watau inda a ke jinkirtawa da inda a ke zabura, har yanzu daga jiki zuwa jiki a ke ɗaukarsa, kamar yadda rubutun boko na Hausa ba ya nuna karin sauti sai mai karatu ya sa da kansa.

Batun Kuɗi

Ga inda gizo ke saƙar. Shirin haɗe ba ya cika ɗaki kamar labari dogo. Mutumin da zai kai iyalinsa kallo sau ɗaya a shekara sunan da ya sani ya ke nema, shi ya sa Nutcracker, wadda Peter Wright ya tsara wa garin a 1990, a kan yi makonni ana yinta kowace hunturu, shirin haɗe kuwa 'yan kwanaki. Ga shi kuma a dare ɗaya a kan biya izini uku, tufafi iri uku, koyarwa uku. Wanda ya ke duban littafin kuɗi kaɗai zai ce haɗin gambiza ne mai cin riba.

Amma dogayen raye-rayen ƙarni na 19 da suka rage a hannu ba su da yawa, da ƙyar su wuce goma. Ƙungiyar da ta tsaya gare su kaɗai za ta zama kamar makarantar da a ke haddace littafi shida ba a rubuta na bakwai. Sabon labari dogo kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfin a danƙa wa wanda ba a gwada ba. Minti 25 na tsakiyar shirin haɗe shi ne filin da a ke gwada mai tsara rawa, in ya kāsa asarar kaɗan ce, tsofaffin biyu sun rufa asiri. A nan ne kuma ƙaramin ɗan rawa, wanda a Swan Lake sai dai ya riƙe mashi a gefe, ya ke samun a gan shi.

A watan Janairu na 2020 aka ba Carlos Acosta shugabancin ƙungiyar. Baƙar fata ne, an haife shi a Habana a 1973, auta cikin 'ya'ya 11 na wani direban babbar mota, ya kuma shekara 17 yana rawa a Covent Garden. Dabarar da ya ɓullo da ita ita ce a ɗaura wa shirin haɗe sunan da garin ya sani. A Satumba 2023 ƙungiyar ta fito da rawa bisa kiɗan Black Sabbath, makaɗan nan masu amon ƙarfe waɗanda suka tashi a Birmingham a 1968. A takardar talla aiki ɗaya ne, amma a ciki kashi uku ne na mutum uku, Raúl Reinoso daga Kyuba, Cassi Abranches daga Barazil, da Pontus Lidberg daga Suwidin, da takalmin yatsu da sabon salo da mai kaɗa gita duk bisa dandamali ɗaya. Tikiti ya ƙare tun kafin daren farko. A cikin watan nan dai majalisar garin Birmingham ta ba da sanarwa cewa kuɗinta ba za su biya bukatunta ba, a farkon 2024 kuma ta yanke shawarar rage rabin tallafin da ta ke ba ƙungiyoyin fasaha na garin, har da ta bale, sa'an nan ta janye sauran a shekara mai bi.